Allon da wani ke iya wanke maka daga nesa

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya kai da Inna da yara. Ya zafin Tawa? Mu nan Liyon ta Faransa sanyi ya kama, sai haƙuri.

Saƙonka ya iso kan na'urar karatun nan da ka gani a hannun wani malamin jami'a, wadda Faransawa ke kira liseuse. Ni allo nake ce mata. Na saya maka, amma ba Kindle ɗin da ka faɗa ba, kuma ga dalili.

Kayan kansa ba shi da laifi. Fuskarsa ba irin ta salula ba ce, kamar takarda take, ko tsakar rana a gindin bedi za ka karanta ba ƙyalli. Caji ɗaya yana kai makonni, don haka ko NIGELEC ta ɗauke wuta ta manta da ku, ba ruwanka. Littafi dubu ya shige ciki bai cika ba. Na biya yuro 130, wajen jika 85 ke nan a kuɗinmu. Rigimar tana wajen littattafan da ake zubawa ciki.

Bara na sayi wani littafin tarihi a kantin intanet, na biya da katin banki, ya sauko cikin allona. Ya yi mini daɗi, na ce bari in tura maka ta WhatsApp. Ka tuna, ka ce mini ya ƙi buɗewa, har na zaci wayarka ce ta tsufa. Ashe kwaɗo ne a jikinsa. Suna ce masa DRM, yana ɗaure littafin da sunan wanda ya biya da na'urarsa. Na je kanti na tambayi yarinyar da ke saida su, na ce to abin da na saya da guminna, ba ni da ikon ba wana aro? Ta yi murmushi ta ce ai ba littafin na saya ba, izinin karantawa na saya. Na tsaya ina kallonta kamar wanda aka ce wa ragon da ya kai gida na haya ne.

Da na bi diddigi, gaskiyarta. A 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ba ka da ikon sake saida irin wannan littafi a matsayin na hannu sai da yardar masu haƙƙinsa. A shekarar dai kamfanin Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, duk abin da mutane suka saya ya daina buɗewa, aka mayar musu da kuɗinsu. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 2009: Amazon ya shiga allunan mutane daga nesa ya goge littafin George Orwell mai suna 1984, don wanda ya sa shi a kasuwa ba shi da izini. Shugaban kamfanin na lokacin, Jeff Bezos, ya fito ya ba da haƙuri. Mu a makarantar allo sai ka haddace malam ke cewa je ka wanke. Nan kana barci ake wanke maka. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma sai da ta yi doka, ta fara aiki a 2025, cewa mai saida irin wannan kaya ya daina rubuta "saya" in bai bayyana wa mutum cewa izini ne ba.

Abin ya tuna mini littattafan Baba. Ranar rabon gado aka kwance gafaka, kai ka ɗauki naka, ni na ɗauki nawa, har da rubutun hannunsa a gefen shafi. Nawa suna nan cikin akwati, sun ƙetare teku. Wanda na saya bara kuwa, ban ga hanyar da zan bar wa ɗana shi ba.

Sai maganar sa ido. Muddin allon yana haɗe da intanet, kamfani ya san abin da ka saya, shafin da ka tsaya, layin da ka ja wa zane. Da haka ne in ka koma salula take buɗe maka daidai inda ka tsaya, mutane kuma na jin daɗin hakan. Ni dai da na karanta littattafai biyu kan ciwon suga saboda Inna, sai da aka yi wata ana tallata mini irinsu, kamar na yi shela a kasuwa. A nan suna da dokar kare bayanan mutane, RGPD, tun Mayun 2018, kana iya rubuta wa kamfani ya nuna maka duk abin da ya tara a kanka, ko ya goge. Hukumarsu CNIL ba ta wasa, a 2020 ta ci Amazon tarar yuro miliyan 35 kan bibiyar masu shiga shafinsa ba da izininsu ba. Mu ma muna da doka tun 2017 da hukumar HAPDP a Yamai, amma ka san nisan da ke tsakanin Yamai da kamfanin da ke zaune Amurka.

Kindle da ka ce, na Amazon ne, mai kyau ne kuma yakan fi araha. Sai dai gidansa ƙofa ɗaya gare shi. A Fabrairun 2025 sun cire hanyar da ake sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta a ajiye. Kuma sayen yana son katin banki, kuɗin waya irin namu ba sa karɓa. Akwai Kobo, na Kanada, wanda Rakuten na Japan ya mallaka, shi kantin Fnac na nan Faransa ke saidawa. Akwai Vivlio, kamfanin nan Liyon ne, PocketBook ke ƙera masa na'urorin. Shi na ɗauka. Kana sa masa igiya a kwamfuta ka zuba abin da kake so kamar yadda kake zuba wa'azi a katin memori. Littattafan da aka yi a tsarin EPUB, wanda aka yi don irin wannan allo, sun fi zama daidai a ciki. PDF kam wahala ce, rubutun ƙanana kamar tururuwa, fuskar inci 6 ce kawai. Na gwada wani littafin Hausa da aka turo mini, sai ƙ da ɗ da ɓ suka fito kamar ƙananan akwatuna, sai da na sauya salon haruffa suka daidaita. Na bar maka shi a kan wanda ya yi.

Wani abu da na yaba musu: tun dokar 1981 mai buga littafi ne ke yanke farashi, kanti ba ya rage fiye da kashi 5 cikin 100, shi ya sa ƙananan kantunan unguwa ba su mutu ba. Ɗakin karatu na gari kuma yana ba da aron littafi ta intanet, in wa'adi ya cika ya rufe kansa. Wannan ban ji haushinsa ba, tun farko an ce aro ne.

Na zuba maka tsofaffin littattafan Faransanci waɗanda haƙƙinsu ya ƙare, daga shafukan intanet na Gallica da Gutenberg, kyauta ne kuma ba kwaɗo. Kar ka kunna masa wifi, ba ka bukata. Ka ajiye kwafin komai a kwamfutar makaranta ko a kile, wato filashi. Na haɗa da riga ta fata, don in fuskar ta fashe ba mai gyara a Tawa, ka hana su Auta taɓawa.

Wani ɗan Illela zai sauka Yamai ƙarshen wata, shi zan ba, ya sa a mota zuwa gare ka. Ka turo mini sunayen littattafan da kake koyarwa da su kafin Juma'a, waɗanda na samu da kwaɗo sai in sayo na takarda in haɗa masa. Ka ce wa Inna maganinta yana cikin kayan.