Lambar 2442: Tana Kore Talla, Amma Ba Ta Tare Ɗan Damfara

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa a shagonsa a Kantin Kwari yana jiran alat ɗin kuɗin atamfa, mai saye kuma yana tsaye a kansa, ya san takaicin da ke cikin waya ta yi ƙara, a ciro ta da sauri, sai a tarar da tallan waƙar kira ko na cacar ƙwallo. Yawan koke-koke irin wannan ne ya sa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta wajabta wa kamfanonin waya buɗe lambar 2442 a shekarar 2016, domin mai layi ya iya rufe ƙofa ga saƙonnin da bai nema ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙinta. Mutum zai rubuta STOP ya aika zuwa 2442, ba a cire masa ko kwabo, ba ya buƙatar data, kuma ƙaramar waya mai madannai ma ta wadatar. A layina tallace-tallacen sun ragu ƙwarai, har na koma buɗe saƙo da zarar ya shigo.

Sai dai wanda ya rufe ƙofar gaba ɗaya ya sani cewa ba talla kaɗai zai rasa ba. Makarantu da ƙungiyoyi da masu gayyatar ɗaurin aure sukan aika saƙo ɗaya ga ɗaruruwan mutane a lokaci guda, kuma irin wannan saƙo sau da yawa ba ya isa layin da aka rufe, shi mai aikawa yana zaton ya isar. Saboda haka na fi ba magidanci shawarar ya fara aika HELP, ya ga jerin rukunan da ake da su, kamar harkar banki da ilimi da lafiya da addini, ya bar wanda yake buƙata a buɗe. Abin da ya rage mini armashi shi ne bayanin yana zuwa da Turanci, alhali iyayenmu da suka fi shan wahalar waɗannan saƙonni da Hausa suke karatu.

Babban giɓin yana wajen 'yan damfara. Wannan tsari ba ya karanta abin da ke cikin saƙo, rajista ce kawai ta lambobin da aka hana masu talla taɓawa, don haka wanda ya ɗauki layi irin na kowa ya rubuto cewa an toshe BVN ɗinka, ka turo lambar sirri, saƙonsa zai shigo salin alin. WhatsApp ma ba ya cikin hurumin wannan lamba.

Duk da haka ina ganin ya dace kowa ya kunna ta, a kuma taimaka wa dattawan gida su kunna tasu. Idan talla ya ci gaba da shigowa bayan an rufe, a fara kai ƙorafi ga kamfanin layin, in bai share hawaye ba a kira NCC kyauta a 622.