Wata biyar muna zuwa ɗakin wasa

Da likita ya ce in kai yarona wurin masu jinyar damuwar yara ta hanyar wasa, dariya ta kusa kuɓuce mini. Wasa? Ai shi yake yi tun wayewar gari har faɗuwar rana. Shekararsa shida, kuma tun bayan kwanciyar mako uku da na yi a asibiti ya koma fitsarin kwance, yana farkawa da kuka cikin dare, ko banɗaki na shiga sai ya tsaya gadi a bakin ƙofa. Na yi rarrashi, na yi faɗa, duk a banza.

Zaman farko ni kaɗai malamar ta gani, ta yi mini tambayoyi har na gaji. Daga nan sai sau ɗaya a mako, minti 45, ranar ba ta canzawa, lokacin ma haka. Ɗakin ba wani ƙyale-ƙyale: tiren yashi, 'yan tsana, ƙaramin gida na katako, yumɓu, fenti, kayan likita na roba. Tiren yashin ne na fi rainawa, sai ta ce mini wata likitar yara a Landan, Margaret Lowenfeld, ta fara aiki da shi tun 1929. Na ja bakina na yi shiru.

A waje nake jira. Sai a mako na tara ta ce in shigo in zauna a gefe, kada in ce uffan. Ya ɗauki 'yar tsana mace ya binne ta a yashi, ya shafe wurin da tafin hannu, ya juya baya. Can sai ya dawo yana tono da sauri. Sau biyar ya yi haka. Ni da tuni na ce “me ya sa kake binne ta?” Ita kuwa cewa kawai ta yi, “Ta ɓace. Kana neman ta.” Da ya zaro ta, ta ce, “Ka gano ta.” Sai da na fita na share hawaye.

Wannan rashin tambayar ba lalaci ba ne, tsari ne. Virginia Axline, wata ƙwararriya a Amurka, ta shimfiɗa ƙa'idoji takwas a 1947, cikinsu har da cewa yaro ne ke jan gaba, babba na biye, kuma ba a gaggauta shi. Amma akwai iyaka. Da yarona ya watsa wa malamar yashi ba ta ɗaga murya ba: “Na ga ranka ya ɓaci. Ni ba a watsa mini yashi. Ga yumɓu nan, ka dake shi.” Ya kuwa dake shi son ransa.

Abin da bai yi mini ba shi ne jira. Wajen mako na huɗu abin ma ƙaruwa ya yi, ga fushi ga jifa da kaya, kuma ba a gargaɗe ni tun farko cewa hakan na iya faruwa ba. Saura kaɗan in daina kai shi. Sannan ba ta faɗa mini abin da ya ce ko ya yi dalla-dalla, sai dai ta ce “Mama, yana aiki a kan rabuwa.” Na fahimci sirrinsa take kiyayewa, amma uwa ce fa ni. Kuɗin kuma, in aka tara na wata biyar, ba wasa ba ne.

Yanzu yana kwana har safe mafi yawan darare. Fitsarin ya ragu sosai, bai ɗauke gaba ɗaya ba. Ta koya mini in ware minti 30 a mako in zauna ƙasa da shi, ba waya, ba gyara, ba “ba haka ake yi ba”. Wannan ya fi komai yi mini wuya. Taurari huɗu cikin biyar zan ba su, ɗayan na riƙe saboda makon nan na huɗu.