Faifai ɗaya ya mutu a tsohuwar Synology ɗina: yadda canjin ya kasance

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Duk bikin da na ɗauka, da hawan Sallah, da Sallar Gani ta Daura, suna cikin wata farar akwatin ajiya, Synology DS213j, ƙirar 2013, mai ɗaukar faifan ajiya (hard disk) biyu. Na haɗa su a tsarin madubi, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya yana kan ɗayan.

Ranar wata Talata na buɗe shago na tarar tana ta ƙara, ƙit, ƙit, ba tsayawa, fitilar gabanta ta koma ruwan lemo. Yarona ya ce, "Oga, ko dai ta ƙone ne?" Ba ta ƙone ba. Da na shiga Storage Manager, manhajar da ke nuna lafiyar faifan akwatin, sai na ga faifai na biyu ya faɗi, amma hotuna duk suna buɗewa daga na farkon. Na kashe ƙarar tukuna don ta ishe ni.

Wajen sayen sabo ne na ɗan tsaya. Dole girmansa ya kai na tsohon ko ya fi, ƙarami akwatin ba za ta karɓa ba. Nawa terabayit 3 ne, na sayi mai 4, duk da na san ragowar terabayit ɗayan zai zauna a banza har sai na canza ɗan'uwansa. Sannan akwai maganar CMR da SMR, wato hanyoyi biyu da faifai ke jera rubutu, wadda da yawan masu saye ba sa tambaya. Faifan SMR yana jera layukan rubutu wani kan wani kamar rufin kwano, to idan aka yi masa rubutu mai yawa a jere sai ya riƙa ja da baya, kuma gyaran madubi ba komai ba ne illa rubutu a jere na sa'o'i. Shi ya sa na nace wa mai CMR, wanda layukansa ba sa hawa juna, na zaɓi Seagate IronWolf. Daga Kano aka sayo mini, aka ba direba, na karɓa a tasha an naɗe shi da soso cikin kwali.

Wannan ƙirar ba a zare mata faifai tana kunne. Na kashe ta, na cire wayoyi, na zame murfin. Ƙurar da na gani a fanka, wallahi kunya ta kama ni, ta hunturu wajen uku ce ta daskare kamar auduga. Ina zargin ita da zafin Afrilu ne suka gama da faifan. Na duba lambar jikinsa sau biyu kafin na kwance, don cire mai lafiyar kuskure ne da ba na son ko tunaninsa. Sukudireba ɗaya ta isa, minti goma an gama. Na kunna, na danna Repair, na zaɓi sabon.

Daga nan ne zuciyata ta ƙi kwanciya. Ƙwaƙwalwar akwatin megabayit 512 ce kawai, ga tsufa, lambar kashi-kashin nan tana tafiya kamar hawainiya. A duk tsawon lokacin, aikina na shekaru yana kan faifai ɗaya, wanda sa'an mamacin ne, rana ɗaya na saye su, kuma yanzu ana karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Da ma kafin na fara sai da na kwashe bukukuwan da ban miƙa wa masu su ba zuwa wani faifan na waje. Na kuma mayar da akwatin kan inbata, na cire firij daga layin, don na san halin wutarmu. Sau biyu aka ɗauke a daren. A shagon na kwana kan tabarma, sai bayan sallar asuba na ga ta rubuta lafiya lau da kore.

Sabon faifan bai da hayaniya, wata biyu ke nan ban ji komai ba, gwajin SMART na duba lafiyar faifai ma yana fita da kyau. Kuɗinsa dai sun yi zafi. Akwatin kuwa na ba ta haƙƙinta: ta sanar da ni da wuri, gyaran bai sa na nemi injiniya ba, ko hoto ɗaya bai ɓata ba. Saurinta ne ba na zamani ba, wanda ke tace bidiyo kai tsaye daga kanta zai gaji.

Tsohon faifan da ya rage shi zan canza bayan Babbar Sallah, in kuɗin aikin hawa sun shigo. Fankar kuma yanzu duk ƙarshen wata yarona ke bi da buroshi.