Komawa makaranta bayan cika shekara 40: NOUN ko karatun wucin gadi na Jami'ar Bayero (BUK)?

Idan kana da shago a Kantin Kwari, ga iyali, amma ranka na son digiri don ka canza sana'a, a Kano hanya biyu ce ta fi kusa da kai.

Ta farko NOUN, jami'ar karatu daga gida. Gwamnatin Shagari ta kafa ta a 1983, aka dakatar a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita. Cibiyarta ta Kano tana Sauna, wajen Dakata. Ba sai ka rubuta jarrabawar JAMB ba, littattafan kuma a intanet kake sauke su a wayarka. Sauƙin nata shi ne tarkon. Babu malamin da zai tambayi ina ka shiga. Ka dawo daga kasuwa bayan Isha'i, an ɗauke wuta, yara na kokawa a tsakar gida, ka buɗe darasi, kafin shafi biyu gyangyaɗi ya kwashe ka. Jarrabawar shekarun farko a kwamfuta ake yi, don haka wanda bai saba ba sai ya fara koya.

BUK kuwa, makarantarta ta ci gaban ilimi da ke titin Aminu Kano, dole ka je aji. Shago zai rasa ka wasu ranaku, ga kuɗin Adaidaita. Amma kana da malami a gabanka, da abokan karatu, wasu ma furfurarsu ta fi taka.

Ni dai wanda ya yi shekara 20 rabonsa da biro, aji zan tura shi. Ma'aikacin da ake yi wa canjin gari ya nufi Sauna.