Kamfanin da ya ɗaukar mana hujjar gasar lallen ƙanwata

Tauraro biyu zan ba su, shi ma albarkacin yarinyar da ta riƙe mana littafin rajista.

Masu tallan nan ne a Facebook, waɗanda ke cewa za su haɗa maka komai har sunanka ya shiga kundin Guinness. Ƙanwata ce ta ƙudiri zanen lalle dare da rana ba tsayawa, aka ɗora mini nauyin kuɗi da zirga-zirga. Farashinsu kuwa, ba sai na faɗa ba.

Da farko sun burge ni, gaskiya. Su suka fahimtar da mu cewa neman karya tarihin da ke akwai kyauta ne, sai dai a lokacin amsa kan kai mako 12, tantance hujjoji ma haka, in ba kuɗin gaggawa ka biya ba. Suka zaunar da mu kan ƙa'idar hutu: minti biyar bayan kowace awa cikakkiya, kana iya tarawa ka yi barci da su. Shaidu biyu a kowane lokaci, ba dangi, ba mai hannu a shirin, kuma ba wanda zai wuce awa huɗu a zama ɗaya. Manajan har misali ya kawo da Hilda Baci, wadda ta yi awa 100 tana girki a Legas a 2023 amma aka amince mata da awa 93 da minti 11 saboda ta zarce lokacin hutu. Ya ƙara da Failatu ta Tamale, da ta haura awa 200 tana girki a 2024 aka soke nata kan wannan ƙa'idar. Na ce alhamdu lillahi, mun faɗo hannun masana.

To mutumin da ya san duk wannan, yaya za a yi ya zo da kyamara ɗaya tal?

Tsakar dare wuta ta ɗauke. Kafin a tayar da janareta na leƙa, jar fitilar kyamarar ta mutu, batirin ya ƙare. Yaron da aka bar wa aikin yana kan tabarma yana sharar barci, ɗayan batirin na aljihunsa, ko caji bai sa ba. Ƙanwata kuwa tana ta zane da hasken waya, yatsunta sun kumbura, ba ta san cewa babu abin da ke ɗaukarta ba. Alhali sharaɗin shi ne bidiyo ya tafi daga farko zuwa ƙarshe ba yankewa, ana ganin agogo a ciki.

Na kira manajan. "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, za mu haɗe shi ba wanda zai gane." Wato mu tura ƙarya da sunan yarinyar mutane. Na ce wallahi ba da ni ba.

Yarinyar rajistar ce kaɗai ta rubuta lokacin da kyamara ta tsaya da lokacin da ta dawo, ta sa shaidu suka sa hannu. Allah ya yi mata albarka. Haka muka tura, da giɓin da bayaninsa, muna jira, amma ban sa rai ba.

Kai, taurari biyun ma sun yi yawa, yanzu na tuna. Ɗaya daga cikin shaidun dare ashe ƙanen matar manajan ne, sai wajen cike takardun shaida muka gano. Tauraro ɗaya ya ishe su. Rabin kuɗin da manajan ya yi alkawarin dawo mini da shi har yau shiru, in na kira sai a ce Oga yana taro.