Denon AVR-X1700H da lasifikun ELAC Debut 2.0: yadda na same su a falona

Duk wanda ya tambaye ni wace risiba zai saya don haɗa silima a gida, sai na fara tambayarsa waɗanne lasifiku zai jona mata, kuma nawa ne tazarar kujerarsa da talabijin. Yawancin mutane da risiba suke farawa, don ita ce mai maɓallai da fitilu da manyan lambobi a jikin kwali. Amma abin da kunne ke ji daga lasifika yake fitowa, bangon ɗaki ya karɓa ya mayar. Aikin risiba shi ne ta karɓi sauti daga talabijin ko na'urar faifai ko ta wasa, ta raba shi layi-layi, ta ƙara masa ƙarfi. Matsakaiciya ma tana iya wannan aikin, muddin an haɗa ta da lasifikun da suka dace.

Kayan da ke falona su ne risiba Denon AVR-X1700H, lasifikun ELAC Debut 2.0 B6.2 guda biyu a gaba, C6.2 a tsakiya, B5.2 guda biyu a gefen kujera, sai wufa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri kaɗai, SVS SB-1000 Pro. Wannan tsarin ake kira 5.1, wato lasifiku biyar da wufa ɗaya. Falon matsakaici ne, kujera kamar mita uku daga allo. Kafin su ina da irin kayan nan da ake sayarwa duka a kwali ɗaya, an rubuta wat 1000 ɓaro-ɓaro a jiki, lasifikun kuma 'yan ƙanana na roba. Ƙara kam akwai, amma da 'yan fim sun fara magana ƙasa-ƙasa sai a nemi rimot, da an yi harbi kuma sai a sake nemansa a rage.

Maganar wat ita ce ta fi ruɗa masu saye, don haka bari in tsaya a kanta. Denon ta rubuta wa wannan risibar, wadda ta fito a 2021, wat 80 a kowane layi, a kan om 8 (ma'aunin turjiyar lasifika ga wutar lantarki), lokacin da layi biyu ke aiki. Wannan bayanin na ƙarshe shi ne abin dubawa a kowace risiba, domin idan layi biyar suka ja wuta lokaci guda, abin da kowanne zai samu ya ragu. To wat 80 ya isa? B6.2 tana ba da desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 87 a nisan mita ɗaya da kusan wat ɗaya kacal. Kafin sautin ya kai mita uku yana raguwa da desibel tara zuwa goma a fili, a ɗaki kuwa bango na mayar da wani abu daga ciki. Wat 10 yana ƙara desibel 10. Ke nan da wat goma sautin ya riga ya kai inda sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Ninka ƙarfi daga wat 80 zuwa 160 desibel 3 kawai yake ƙarawa, bambancin da kunne ke ji amma ba ya girgiza kowa. Shi ya sa nake ganin kashe kuɗi don neman ƙarin wat 20 ko 30 asara ce a falo irin nawa. Ban taɓa jin risibar ta gaza ba, ko a wuraren fim da komai ke fashewa lokaci guda.

Lasifikun gaba, waɗanda Andrew Jones ya tsara kuma suka fito a 2018, sautinsu a natse yake. Ba sa tsira wa kunne siririn sauti don su burge mutum a minti biyar na farko, kuma wannan ne ya sa ake iya zama da su fim biyu a jere ba gajiya. Babban kan lasifikar, wato faifan da ke motsi ya fitar da sauti, inci 6.5 ne, kuma kafar da iska ke fita a gaba take, ba a baya ba. Ga mai ƙaramin falo wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don ana iya matsar da su kusa da bango ba tare da sautin ya kumbura sosai ba. Duk da haka na bar musu 'yar tazara, na ɗora su a kan ƙafafunsu yadda ƙaramin kan da ke sama zai yi daidai da kunnen wanda ke zaune, na ɗan karkato su zuwa kujera. Om 6 ne su, risibar kuma tana ɗaukar daga om 4 zuwa 16, babu wata matsala a nan. Girma ne dai da su, wanda ke son abin da zai ɓuya a bayan tukunyar fure ya nemi wasu.

Wadda ta fi canza min kallo ita ce ta tsakiya. Kusan duk maganar da ake yi a fim ta nan take fitowa, kuma ita ce mutane suka fi yi wa rowa. C6.2 tana da manyan kawuna biyu irin na B6.2 da ƙaramin kai iri ɗaya, saboda haka idan mota ta taso daga hagu ta bi ta tsakiya ta fita dama, sautinta ba ya canza kama a hanya. Wannan dalilin ne ya sa nake cewa lasifiku ukun gaba su fito daga gida ɗaya, jeri ɗaya. Na gefe ana iya sassautawa. Yanzu raɗa ma ana jin ta, har da numfashin da ɗan wasa ke ja kafin ya yi magana. Mahaifiyata, wadda jinta ya ɗan ragu, ta daina cewa a mayar mata baya ta ji abin da aka faɗa, kuma wannan kaɗai ya biya ni. Abu biyu za a kiyaye. Na ɗaya, doguwa ce mai nauyi, a auna teburin talabijin kafin a saya, a kuma jawo ta bakin teburin, kada a cusa ta cikin durowa. Na biyu, duk lasifikar da aka kwantar mai kai biyu a gefe da ƙarami a tsakiya, wanda ya zauna can gefe sosai yana jin muryar ta ɗan sauya. Na kujerar tsakiya da maƙwabtansa ba ruwansu da wannan.

Wufar kuwa akwati ne rufaffe mai kai inci 12 da nata ƙarfin na wat 325, don haka ba ta jan komai daga risiba sai umarni. Tana sauka har wajen 20 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙaramin adadi ya fi kauri), inda sauti ke komawa abin da ƙirji ke ji. Na zaɓi rufaffiya ne don ba ta cin wuri, kuma bugunta a tsuke yake, ganga ta buga ta tsaya. Mai babban falo da ke son ƙasa ta motsa zai fi jin daɗin 'yar'uwarta mai kafar iska, PB-1000 Pro, sai dai ta fi girma nesa ba kusa ba. Ana saita ta daga waya ta Bluetooth, mutum na zaune a kujerarsa yana ji yana gyarawa, ba sai ya tsuguna a bayan akwati ba.

Inda aka ajiye wufa ya fi sunan kamfaninta tasiri. Sauti mai kauri yana kai-komo tsakanin bango da bango, wani wuri ya taru ya yi yawa, wani wuri ya kashe kansa. Dabarar da na bi tsohuwa ce: na ɗora wufar a kan kujerar da nake zama, na kunna kiɗa mai kauri, na zaga gefen bango a duƙe ina saurare. Inda na ji bugun ya fito sumul, can na ajiye ta. A falona wurin ya faɗo ne a bangon gaba, ɗan nesa da kusurwa. A cikin kusurwar ƙarar ta fi yawa, amma gunji ne kawai.

Daga nan sai awon ɗaki. Risibar na zuwa da makirufo da tsarin Audyssey MultEQ XT, wanda ke aunawa har wuri takwas a kewayen kujera. Yana gano nisan kowace lasifika, ya daidaita ƙarfinsu, ya rage wuraren da ɗaki ke kumbura sauti. A yi shi lokacin da gida ya yi tsit, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, makirufon ya tsaya daidai tsayin kunne yana kallon sama, kada a riƙe shi a hannu. Bayan ya gama na shiga na sa duk lasifikun a kan Small, saitin da ke miƙa sauti mai kauri ga wufa, na ɗaga iyakar da suke miƙa wa wufa aiki zuwa 80 Hz, adadin da THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin silima, ya daɗe da tsayarwa. B6.2 na iya sauka zuwa 44 Hz a takarda, amma da aka sauke mata wannan nauyin sai muryoyi suka ƙara washewa, risibar ma ta sami sarari. Ƙa'idar ita ce ana iya ɗaga iyakar sama da abin da awo ya bayar, amma ba a saukar da ita ƙasa. Da dare ina kunna Dynamic Volume, wanda ke matse tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa don kada a tashi masu barci. Da rana ina kashe shi, domin yana rage wa fim armashi. Kafet da labule masu kauri su ma sun yi aikin da babu na'urar da za ta yi, musamman da yake ƙasan falon tayil ne.

Ta fuskar jone-jone ba ni da ƙorafi. Mashigar HDMI shida ce, uku daga ciki na ɗaukar 8K da 4K mai 120 Hz, abin da masu PlayStation 5 da Xbox Series X ke nema. Akwai eARC, wanda ke dawo da cikakken sauti daga talabijin ta waya ɗaya. Tsohon ARC yana iya ɗauko Dolby Digital Plus irin na fina-finan intanet, amma Dolby TrueHD na faifan Blu-ray ya fi ƙarfinsa. Akwai HEOS da AirPlay 2 don kiɗa, har da mashigar na'urar faifan garmaho.

Risibar tana karanta Dolby Atmos da DTS:X, tsarin sautin da ke iya fitowa har daga sama, kuma layinta bakwai ne, saboda haka biyun da suka rage ana iya kai su baya a yi 7.1, ko a kai su sama a yi 5.1.2. Ni ban yi gaggawar wannan ba. Lasifiku biyar masu kyau da aka ajiye daidai sun fi bakwai da aka warwatsa ko'ina. Na gefen nan ma wurinsu ne ya sa suka yi amfani: gefen kujera, ɗan baya kaɗan, sama da kunne kaɗan. Irin lasifikun Atmos da ake ɗorawa a kan na gaba su harba sauti sama ya dawo, sai silin ya kasance shafaffe kuma ba mai tsayi sosai ba kafin su yi aiki. Waɗanda aka kafa a silin ɗin kansa sun fi su.

Akwai iyakokin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya. Mafitar HDMI ɗaya ce, wanda ke son talabijin da majigi tare zai ji ta. Mafitar wufa biyu ce amma sauti ɗaya suke fitarwa, ba a saita kowacce daban. Babu kuma mafitar da za a jona wa layukan gaba wata amfilifaya ta waje nan gaba. Wanda ke da babban ɗaki, ko yake shirin lasifiku huɗu a sama da wufa fiye da ɗaya, ya dubi AVR-X3800H mai layi tara da Audyssey XT32. Kowace ka ɗauka, ka bar mata sarari a sama don risiba na ɗumi, kuma ka duba wutar da aka ƙera ta da ita, domin ta kasuwar Amurka ta bolt 120 ce, ta Turai kuma 230.

Idan kuɗin ba za su kai a sayi komai lokaci ɗaya ba, a fara da risiba da lasifiku biyu na gaba. Mai kallo shi kaɗai a kujerar tsakiya ya bi da wufa, domin biyun gaba za su haɗa masa muryar a tsakiyar allo. Gidan da ake cika kujeru kuwa lasifikar tsakiya ce ta biyu, sannan wufa, na gefe su zo ƙarshe. Waya ta tagulla mai ɗan kauri ta wadatar, ba sai mai tsada ba, a dai tabbata ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi a kowane ɓangare.