Izinin gini a Sakkwato: yadda ta kaya da ni kan gyaran gidanmu na gado

Jan fenti ne ya kai ni ofishin izinin gini, ko da yake ba a bangona aka shafa shi ba. Wata safiya a watan Janairun 2024 na fito zan tafi kasuwa, sai na ga katangar wani maƙwabcinmu a nan Mabera da ƙaton gicciye ja, an rubuta a ƙasa cewa a dakatar da aiki. Bawan Allah ya kai gininsa linta. Leburori na zaune a kan bulo sun yi jugum, siminti da aka kwaɓa yana bushewa a ƙasa.

Ni kuwa a lokacin har na sauke tifa biyu ta yashi a ƙofar gida. Gidan na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, ginin bulo na shekarun 1980. Niyyata in rushe zaure in fitar da shago biyu masu kallon titi, sannan in ɗora ɗaki biyu a sama saboda ƙanena da zai yi aure. A tunanina gyara ne kawai, wa zai nemi izini don ya gyara gidan ubansa?

Tsohon maginin da ya yi wa mahaifinmu aiki, wanda muke kira Baba, shi ya fara taka mini birki. Ya ce, "Alhaji, wanga aiki naka ba gyara na ba. Wanda yac canza kwano ko hwenti shi ad da gyara. Kai bene za ka azawa, kuma zaure za ka maishewa shago. Tahi ka amso takarda, ni ban son a iske ni bisa tsani."

Da na bincika sai na ga gaskiyarsa. Yawancinmu muna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Takardar fili daban, izinin gini daban. Ta farko tana tafiya ne a kan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, shi ya sa takardar shaidar mallaka ke fitowa da sa hannunsa ko na wanda ya wakilta. Ita wannan tana cewa wurin yana hannunka ne, ba ta ce ka gina abin da ka ga dama ba. Izinin gini kuma ya fito ne daga dokokin tsara birane. Dokar tarayya ta 1992 ta ɗauki sauya amfanin wuri, kamar mayar da gidan zama wurin kasuwanci, a matsayin aikin da ke buƙatar izini. Sannan a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka in abokinka na Kano ko Abuja ya ce maka ga yadda ake yi, ka saurare shi, amma ka je ka tambayi na garinku.

Kuskurena na farko, wanda ya fi kowanne ci mini kuɗi, shi ne aike. Akwai wani ɗan unguwa da kowa ke cewa ya san hanya. Ya zo har shagona ya durƙusa, ya ce, "Ranka shi daɗe, mako biyu kacal, ko ƙahwarka ba ka takawa can." Na ba shi takardun gida da kuɗin da a lokacin za su saya mini buhun siminti 12. Mako biyu suka zama bakwai. Yau oga ya yi tafiya, gobe ana taro, jibi saura sa hannu ɗaya. Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da siminti ya yi tashin gwauron zabo a farkon 2024, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Mu da kamfanin siminti ke nan Kalambaina a bakin ƙofarmu, hakan bai hana mu ji a jikinmu ba.

Ranar da haƙurina ya ƙare na ce ya ba ni lambar fayil. Ya fara sosa ƙeya. Ashe takardun ko ƙofar ofis ba su shiga ba. Ya dawo mini da ambulan da tabon manja a gefe. Sai da kawunmu ya sa baki aka ƙwato rabin kuɗin, sauran kuwa har yau ana "in sha Allahu". Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zuwa da kai ya fi aike.

Na je da kaina ana saura kwana kaɗan a kama azumi. Tun daga bakin ƙofa, a ƙarƙashin dogon yaro, akwai masu tare mutum da "Alhaji, mi aka nema? Kawo in shigar ma." Ka yi musu sallama ka wuce ciki. Jami'in da na samu dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurare ni har na gama, ya tambayi girman filin, ya tambayi shekarar da aka yi ginin, ya ce in sayi fom. Babu tsawa, babu wulaƙanci, kuma bai nemi ko sisi ba. Wannan zan faɗa ko'ina.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda ake ba mutum bayani gutsure-gutsure. Babu wata takarda a manne a bango da ta jera abin da ake buƙata. Zuwan farko an ce in kawo takardar fili da zanen gini. Da na koma aka ce ina zanen safiyo mai nuna iyakoki. Na uku aka ce shaidar biyan haraji da hotuna. Kowane zuwa rabin yini ne, ga kuɗin kabu-kabu ko na mai, ga shago a hannun yaro. Da an buga wannan jerin a takarda ɗaya an liƙa a ƙofa, da masu zama ƙarƙashin dogon yaro sun rasa rabin cinikinsu, don rashin sanin nan su yake ciyarwa.

Sai kuma maganar da ban taɓa kawowa a raina ba. Jami'in ya duba takardar fili, ya duba katina, ya ce, "Wanga suna ba naka na ba." Na ce na mahaifina ne, ya rasu. Ya yi masa addu'a, sannan ya ce ba za su ba mutum ɗaya izini a kan gidan magada ba sai da takardar kotu da amincewar sauran. Mu bakwai ne, har da Inna. Gadon an raba shi da baki tun bayan rasuwa, kowa ya ce a bar gidan yadda yake, ba a rubuta komai ba. Na kira ƙanwata da ke aure a Birnin Kebbi don ta zo ta sa hannu, sai ta ce, "To Yaya, shagunan nan in an gama na wa za su zama?" Na yi shiru, don wallahi ban taɓa tunanin amsar ba. Tambayar nan ta sa muka zauna gaban kawu da mai unguwa, muka rubuta cewa ni zan fara cire kuɗin da na kashe daga haya, bayan nan a riƙa rabawa bisa gado. Muka kai kotun shari'a aka tabbatar. Ya ci mana kusan mako uku a cikin azumi, kuma na yi ta ƙorafi. Yanzu da na ga yadda wasu gidaje ke watsewa a kan hayar shago ɗaya, na daina.

Zanen gini ma sai da na yi shi sau biyu. Na farko wani yaro mai kwamfuta ya yi mini shi da araha, kyakkyawa har da motoci a ƙofar gida. Aka mayar mini da shi saboda babu hatimin mai zanen gini da ke da rajista da hukumar masu zanen gini ta ƙasa, wato ARCON, kuma tunda akwai bene, ana son zanen rodi da lissafin nauyi daga injiniyan da ke da rajista da hukumar injiniyoyi ta ƙasa, wato COREN. Araha ba ta ado.

Injiniyan da na ɗauko matashi ne, kuma bai yarda ya zana komai daga ofis ba. Ya zo gidan, ya sa lebura ya haƙa rami a gindin bangon zaure. Ba a yi nisa ba sai ga ƙarshen fandisho, ɗan siriri, babu rodi ko ɗaya. Ya ɗauki guntun tsohon bulo ya murza da yatsa, ya zama gari. Ya miƙo mini tafin hannunsa ya ce, "Alhaji, a kan wannan kake son ka kwantar da amarya?" Baba magini yana gefe, ya ce lokacin da suka yi ginin ba wanda ya yi zancen bene, ɗaki da kwano aka ce su yi, kuma shi suka yi. Hukuncin injiniya shi ne a tayar da sababbin fila 8, kowanne da nasa tushen, su ɗauki dakin, wato kankaren da bene zai zauna a kai, kada tsohon bango ya ɗauki komai sai kansa. Wannan ya ƙara kuɗin rodi da tsakuwa sosai. Na kwana biyu ina jin haushinsa. Amma garin bulon nan da na gani a tafin hannunsa ya ƙi fita daga idona, kuma da ba don ofis ya dage sai da hatiminsa ba, da ban kira shi ba.

Ranar duba fili ta faɗo bayan ƙaramar sallah, a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. An ce babu mota, ni na ɗauko jami'ai biyu na kuma mayar da su. Ban ji daɗin wannan ba, don wanda ya biya kuɗin dubawa bai kamata ya sake biyan mai ba, kuma wanda ka ɗauko a motarka zai ji nauyin ce maka a'a. Sai dai su waɗannan ba su ji nauyin ba. Suka ja tef daga bakin titi, suka nemi duwatsun safiyo, ɗaya ma sai da muka tono shi a ƙarƙashin yashi. A zanena akwai dakali da rumfa a gaban shagunan. Babban cikinsu ya tsaya a kan magudanar ruwa ya buga ƙafa ya ce dakalin a nan zai hau, ba zai yiwu ba. Na roƙa, na nuna masa shagunan layin da duk suka hau kwata. Ya ce, "Su ma ranarsu na nan tahe. Kai ɗan Mabera na, ni zan gaya maka abin da ruwa ka yi nan?" Ban da ta cewa. Duk wanda ya yi damina a unguwar nan ya san yadda ruwa ke kwana a titi, ya shiga ɗaki. Fuskar shagunan ta ja baya da kusan mita ɗaya.

Sun kuma sa a matsar da sokawe nesa da rijiyar gida, sun ɗaga kai sun duba wayar wuta da ta ratsa ta gaba. Jami'i na biyun ya ƙara wata shawara da ya ce ba ta cikin takarda: tagar ɗakin sama ta gabas za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda iyalinsa ke girki da wanki. Ya ce in ɗaga ta sama ko in juya ta. Na juya ta. Maƙwabcin bai san an yi ba har yau.

Kuɗin izini ba ƙayyadadde ba ne ga kowa. Ana lissafa shi ne da girman gini da abin da za a yi da shi, kuma ɓangaren shago ya fi na zama tsada. An rubuta mini takardar lissafi, na biya a banki, na kawo rasidi. Kada ka ba kowa kuɗin gwamnati a hannu, kuma ka yi hoton kowane rasidi da waya kafin ka miƙa.

Daga biya zuwa fitowar izini mako shida ne. Ba wanda zai kira ka, kai za ka riƙa leƙawa. Akwai lokacin da fayil ɗina ya kwana tara a kan tebur ɗaya yana jiran sa hannu, sai da na je na zauna a benci tun safe har azahar ya motsa. A ƙarshen Mayu aka miƙo mini zanen, kowane shafi da hatimi, tare da wasiƙar amincewa. Ka karanta wasiƙar da kyau, don izinin yana da wa'adi. A dokar 1992 shekara biyu ne, in ba ka fara aiki ba sai an sabunta.

In za a ce in ba su maki, shida cikin goma zan ba su. Aikin ido da na tef sun yi shi da gaske, kuma ba a tatse ni a ciki ba. Inda suka gaza shi ne bayani, da jinkiri, da bibiya. An ce mini za a zo a duba lokacin tushe da lokacin zuba dakin. Sau ɗaya aka zo, shi ma bayan an rufe rami. Da na so in rage rodi bayan na karɓi takarda, babu mai kama ni sai Allah da injiniyana. To amfanin hatimin me ke nan ga wanda bai da tsoro?

Mun zuba dakin kafin ruwa ya kankama. A watan Agusta wasu samari biyu suka tsaya da babur, ɗaya riƙe da gwangwanin jan fenti. Baba ya sauko daga tsani a hankali, ya zaro kwafin izinin daga cikin ledar da ya rataye a ƙusa, ya miƙa musu ba tare da ya ce uffan ba. Suka duba hatimi, suka ƙirga fila, suka ce Allah shi sa albarka, suka wuce layin gaba.

Shagunan sun samu 'yan haya, mai ɗinki da mai cajin waya. Saman kuwa har yanzu babu filasta, fila takwas ɗin nan sun cinye kuɗinsa. Ƙanena ya tare da amaryarsa a ɗakin haya a Gagi, yana jira. Asalin takardar tana cikin akwatin Inna, a ƙarƙashin turamen atamfa, tare da takardar filin mahaifinmu.